Ƙwaryar Kindirmon Manzo

"A mayar masa da goronsa," in ji Barmo. "Yau ɗin nan, kafin la'asar."

Rahamatu ta saki taɓarya, ta dubi mahaifinta. Saura kwana tara a ɗaura mata aure da Manzo, makiyayin nan na Tenhya.

"Baba, me ya yi?"

"Shiga ki dubi fuskar uwarki, sannan ki tambaye ni."

Ta riga ta gani. Fuskar Tabawa ta kumbura suntum, idanu sun shige, wuya duk ƙuraje. Shekara uku ke nan da mai magani na Ollelewa ya hana ta duk abin da ya fito daga jikin dabba: nama, nono, man shanu, har ƙwai. Tun da ta kiyaye ba ta ƙara kwanciya ba. Sai jiya, Rahamatu tana rijiya, Manzo ya zo garinsu Gangara gaisuwar surukai da ƙwaryar kindirmo.

Ta faɗa ɗaki, ranta a ɓace.

"Inna, kin san zai kayar da ke. Don me kika sha?"

"Mutum ya yi tafiyar yini da ƙwarya a hannu," Tabawa ta ce da ƙyar. "Yana durƙushe a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ce don ni ya tatso... Ni da ko sunansa ba na faɗa, in ture masa ƙwarya?"

"Sai ki kashe kanki don kunya?"

Tabawa ta juya wa bango fuska.

A bakin rijiya Rahamatu ta iske Manzo yana shayar da shanu. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Ka kwantar mini da uwa, Manzo. Baba ya ce a mayar maka da goronka."

Guga ya kuɓuce masa. "Ni? Rahamatu, ba ke kika ce mini Inna ba ta cin nama, kamar ni ba?"

Maganar ta soke ta, don kuwa haka ta ce. Manzo tun shekarar yunwa, da ya ga an yanke shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya, nama bai ƙara shiga bakinsa ba. Amma nono shi ne cinsa, shi ne shansa.

"Ba ɗaya kuke ba," ta ce. "Kai wuƙa kake gudu. Ita ko abin da saniya ta bayar tana raye, jikinta ba ya karɓa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Me ya hana ka tambaya?"

"In tambayi surukata abin da take ci? A ina aka taɓa yi?"

"To ka riƙe kunyarka, ita ma ta riƙe tata, ni ku bar ni da kuka..." Muryarta ta karye. "Kai kaɗai nake so a duniyar nan, amma wallahi ban iya shiga ɗakinka uwata tana kwance ta dalilinmu."

Ta koma gida, ta durƙusa gaban Barmo, ta ce laifinta ne, ita ta yi rabin zance. Ko kallonta bai yi ba. Ya ɗaure goron a ganye, ya sa takalmi.

Yana kaiwa bakin zaure sai ga Manzo, da ƙullin gyaɗa da tsamiya. Manzo ya gaishe shi, ya wuce kai tsaye zuwa ƙofar Tabawa, ya durƙusa. Wannan karon bai sunkuyar da kai ba.

"Inna, ki gafarce ni. Me kike ci, me ba ki ci? Ki faɗa mini ɗaya-ɗaya, in riƙe har in mutu."

Barmo ya biyo shi yana huci. "Yau na ga rashin kunya! A gidana suruki zai tsare suruka da tambaya?"

Sai muryar Tabawa ta fito daga ɗaki.

"Kunyar ce ta kumbura mini fuska, Malam. Ajiye goron nan inda ka ɗauko shi." Ta yi tari. "Manzo... kana ji na?"

Karo na farko ke nan da sunansa ya fito daga bakinta.

"Ina ji, Inna."

"Kunun gyaɗa nake sha, da tsamiya. Nonon kuma ka ajiye wa jikokina."