Takarda ta Hamsin

To, ku matso. Ni dai aji biyu na yi a boko aka sallame ni, wai na fi ƙarfin malamai. Amma kogin Haɗeja ba lungun da ban sani ba, kada ma in ya gan ni sai ya gaishe ni. Wannan abin kuwa a kan Haris ya faru, jikan maƙwabcina, mai karatun haɗa fim.

Fim ɗinsa na gama makaranta na kisan kai ne. An kashe masunci, an ɗaura masa dutse an jefa a ruwa, ana neman wanda ya yi. Malamarsu, Malama Aziza, ta ce ba a haɗa fim da ka. Sai ka nuna wa mutane guntunsa, ka tambaye su me ya ba su tsoro, me bai yi ba, ka cike takarda, mutum hamsin cif. Babu hamsin, ba a haska fim ɗinka, sai ka maimaita shekara.

Su huɗu aka haɗa a kan fim ɗin. Ukun suka gudu wajen masu fim ɗin soyayya, can ake cin shinkafa ana dariya. Haris ya rage shi kaɗai, daga shi sai waya sai jakar takardu. Ya bi tasha, ya bi teburin masu shayi. Wani ya ce a sa waƙa. Wani ya ce a ƙara wa ɗan sandan tumbi. Ranar Laraba da la'asar arba'in da tara gare shi, gobe ake karɓa, kuma duk cikinsu babu masunci ko ɗaya. Sai ya ari babur ya nufi fadamar Baturiya, wajen masunta.

Ƙauyen da ya faɗa shiru. Wata tsohuwa kaɗai ya tarar, Gumsu, tana bandar kifi.

"Sannu da aiki, Iya. Ina mazan garin?"

"Sun tafi jana'iza Birniwa. Me kake sayarwa?"

"Tambaya ce kawai, a kan fim."

"Hayaƙi ya cinye min ido, ɗan nan, fim ɗin me zan gani? Rana ta yi ja. Hau abinka ka koma, kar ka sauka bakin ruwa."

Ya ce to. Kun san to ɗin 'yan boko. Ya jingine babur ya sauka.

Hanyar siririya ce, kachalla ta rufe ta hagu da dama, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo. Warin taɓo. Sauro na kuka a kunne. Tsuntsaye suna ta komawa makwanci, can kuma sai suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

A bakin ruwa ga mutum zaune kan gorar kamun kifi, ya ba shi baya, yana ɗinkin koma, ragar nan ta masunta.

"Salamu alaikum, Baba."

Bai juyo ba. Ya dai ɗan matsa gefe.

Haris ya tsuguna, ya kunna wayar ya miƙa. Mutumin bai karɓa ba, ya leƙo kawai. Rigarsa na ɗiga. Hasken wayar bai kama fuskarsa sosai ba.

Da guntun ya ƙare, Haris ya zaro biro. "Suna, Baba?"

"Ɗan'auta." Muryar can ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Me ka ga bai yi ba a ciki?"

"Dutsen."

"Na'am?"

"Ina ka ga dutse a fadama? A komarsa ake naɗe shi. A tura shi ƙarƙashin kachalla da sandar tuƙi."

Haris ya ji daɗi ƙwarai. Mutum arba'in da tara ba wanda ya ba shi irin wannan. Biro na gudu.

"Kwana nawa kafin gawar ta taso?"

"Ba ta tasowa. Saiwa ke riƙe ta."

"To me ya fi ba ka tsoro?"

Allurar ɗinkin ta tsaya.

"Ba ka sa shi a fim ɗin ba. Ba dukan ba ne. Ba ruwan ba ne. Kana kwance kana jin kwalekwale na wucewa ta samanka. Yau, gobe, baɗi. Ba mai tsayawa. Ba wanda ya zo nema."

Biron ya tsaya shi ma.

Sai yanzu Haris ya ji sanyi a ƙafarsa. Ya duba. Ruwa ya shanye masa takalmi, ya kai ƙauri. Shi kuwa bai matsa ko taku ɗaya ba.

"Baba... sai ka dangwala min a nan, in tafi."

Hannun ya fito daga cikin komar. Fari fat, ya yi yaushi, kamar rogon da ya kwana a ruwa. Bai taɓa tawada ba. Ya danna yatsa a takardar, ya zarce ya kama wuyan hannun Haris.

"Zo in nuna maka wurin. Ka ɗauka a fim da kyau."

Ruwa a gwiwa.

Haris ya ja. Kamar an ɗaure shi da icce.

Ruwa a cinya.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, duk ta gudu. Ni da a ce ni ne, da tuni na karanto izu biyu. Shi kuwa abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da ya faɗa sau arba'in da tara, tambayar ƙarshe ta jikin takarda.

"Za ka... za ka so a gayyace ka ranar haskawa?"

Jan ya tsaya.

Ko kukan sauro babu.

"Ni?"

"Kai, Baba."

"Za a ajiye min wuri?"

"Za a ajiye."

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Haris bai san yadda ya hau tudu ba. Takalmi ɗaya, wando sharkaf, ana kiran magariba can nesa. Gumsu ta dube shi, ta matso da ido kan shatin yatsu a hannunsa.

"Wa ka gani?"

"Ya ce Ɗan'auta."

Ta daɗe tana juya kifin da ya riga ya gasu.

"Baƙo ne, ba shi da kowa a nan. Shekara talatin ke nan. Da aka ga gorarsa na yawo, aka ce ya gudu ne." Ta share ido da gefen zane. "Me ka ce masa ya sake ka?"

Ya gaya mata.

"Kai, ɗan nan! Su ba sa zuwa sai an kira su. Tun da ka kira, kar ka saɓa."

Malama Aziza ta ƙirga takardu hamsin, ta yi tsaki a kan ta ƙarshe, wai me ya sa ya kawo ta a jiƙe, sannan ta mayar masa da su. Haris ya cire dutsen daga fim. Ya ƙara abu ɗaya da ba ya cikin labarin da: wata tsohuwa a kwalekwale, tana bin kachalla tana kiran sunan mamacin har aka same shi.

Ranar haskawa nasa ne na ƙarshe. Ana gama na soyayya ɗalibai suka watse. Ɗakin ya rage daga shi sai Malama. Ya ɗauki kujera guda ya kai layin gaba, ya kakkaɓe ta da hularsa.

"Wa kake jira?"

"Na hamsin, Malama."

Aka kashe fitila. Can warin taɓo ya cika ɗakin. Ɗis. Ɗis. Malama ta ɗaga kai tana neman inda rufi ke yoyo, a tsakiyar rani. Haris bai waiwaya ba. Da aka zo inda tsohuwar ke kiran suna, sai ya ji an ja numfashi a gefensa, dogo, irin na wanda ya daɗe bai ja ba.

Da aka kunna fitila, kujerar sharkaf take.

Ya ci jarrabawa. Ya koma gida ya buɗe jaka, takardar nan da ta yi wata biyu tana ɗiga ta bushe ƙayau. Har yau in ya haɗa fim, ko ɗaki ya cika maƙil, kujera ɗaya ta gaba ba mai zama. Na taɓa cewa ya ba ni ita, ni da ba na tsoron komai. Ya ce in zauna mana.

Na ce ƙafata ta fi son tsayuwa.