Mai Zaman Bencin Baya

Ƙarar taɓarya ce ta cika tsakar gidan Baba Andrawus da ke Tunga a ranar Lahadin nan da rana. 'Yarsa Lilian ke dakan sakwara, mahaifiyarta Mama Alisabatu na gefe tana juya miyar agushi. Saura wata uku bikin Lilian da Zamani, wani injiniya mai aiki ta wajen Zungeru, wanda a lokacin yake falo tare da Baba.

"Wai ni, Lilian," in ji Mama, ta rage murya, "yaushe za a ɗage wa yaron nan horo? Yau ma tiren Jibin Ubangiji ya wuce shi, yana can bencin baya."

A cocinsu, in mutum ya yi babban laifi dattawa kan sa shi horo: ya koma bencin baya, ba zai ci jibi ba, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci, sai an yafe masa. Tun da Zamani ya fara raka Lilian coci, shekara ɗaya da rabi ke nan, can yake zama. Kowa ya ɗauka horo ne ya biyo shi daga cocin garinsu.

"Mama, ban taɓa tambayarsa ba," Lilian ta ce. "Ko mene ne ya yi, ni na yafe."

"To, uwar yafiya! Kwamitin aure dai ba za su karɓi fom ba sai da takardar shaida daga fastonsa."

Lilian ta tsaya ta share zufa. A shirun da ya biyo baya ne muryar Baba ta fito ta taga.

"Na yi magana da wani fasto abokina a ƙauye. Zai rubuta cewa kai ɗan ikilisiyarsa ne, shi ke nan."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba," Zamani ya amsa. "Na faɗa maka tun farko, ban gaskata akwai Allah ba. Ba zan tsaya gaban bagadi da takardar ƙarya ba."

Taɓarya ta faɗi ƙasa. Lilian ta yaye labulen falo, hannunta duk doya.

"Me ka ce? Zamani, maimaita!"

Ya miƙe tsaye, ya kasa kallon idonta. "Lili, sori... na so in faɗa miki—"

"Ba horo ba ne?"

"Ba wanda ya taɓa sa ni horo."

Ta yi wata dariya mai ban tausayi. "Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka wata ka yi wa ciki a gida. Har na shirya zuciyata in riƙe ɗan kamar nawa! Kowace Laraba ina azumi a kanka, ina cewa Ubangiji ka karɓi tubansa. Ashe babu ma wanda kake tuba gare shi!"

"Ni na ce ya yi shiru," Baba ya sa baki. "Yaron kirki ne, ba ya sha, ba ya neman mata. Na ce in ya daɗe yana jin wa'azi, Ruhu Mai Tsarki zai yi aikinsa kafin biki."

"Baba, kai ma? Dattijon ikilisiya! Wato ni ce tsutsar da ka sa a ƙugiya."

"Kul, Lilian! Mahaifinki ne," Mama ta ce daga bakin ƙofa, amma ita ma hawaye take yi, don ba a gaya mata ba.

"Lili, saurare ni," in ji Zamani. "Ban ci jibin nan ba ne don na san abu ne mai tsarki a wurinku. Ba zan sa shi a baki ina wasa da abin da kike girmamawa ba."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ka girmama gurasar coci, ka ƙi yi mata ƙarya. Ni fa? Ni ban kai gurasa ba?"

Ta zare zoben alkawari ta ajiye a kan teburi, ta shige ɗaki. Ranar ba wanda ya ci sakwara.

Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. Da Baba kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su. A makarantar da take koyarwa ta rame har abokan aiki suka fara tambaya. Abin da ya fi cin ta shi ne mutane biyun da ta fi amincewa da su a duniya sun zauna sun yanke yadda rayuwarta za ta kasance, suna kallonta tana azumin banza.

Wata Asabar Baba ya same ta tana wanki.

"Na je wurin fasto na faɗi abin da na yi," ya ce. "Na ajiye muƙamina na dattijon coci. Na so in taya Allah aiki da ƙarya, sai wanda bai ma yarda da Shi ba ne ya hana ni. Ki yafe mini, 'yata."

Ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta. "Na ji, Baba. Ka ba ni lokaci."

Bayan mako guda ta aika wa Zamani ya zo. Suka zauna ƙarƙashin mangwaron gidan, Mama na nesa kaɗan tana tsince shinkafa, kunnenta na wajensu.

"Wa ya ɓata maka rai har ka bar Allah?" Lilian ta tambaye shi.

"Babu kowa. A hankali abin ya zube, kamar ruwa a kwando. Na yi ta addu'a, ban ji kowa ba."

"Ni kuwa ina ji."

"Na sani. Ban taɓa ɗaukar ki marar wayo ba saboda haka."

"Ni ma ba zan ce kai mugu ba ne. Matsoraci dai, wannan kam!"

Ya sunkuyar da kai. "Na yarda. Tsoron rasa ki ne."

"To ji. 'Ya'yana za su je coci."

"Ni zan kai ku a mota. Amma ranar da suka tambaye ni, ba zan yi musu ƙarya ba."

"Kada ka yi. Kuma ba zan daina yi maka addu'a ba, ko kana so ko ba ka so."

"Ban taɓa cewa ki daina ba."

"Shekara guda," ta ce. "Ka riƙa zuwa a matsayin wanda kake. In na sake kama ka da ɓoye-ɓoye ko na ƙwayar gero, mun rabu."

Ya cika shekarar. Fasto ya gaya musu cikin mutunci cewa ba zai iya ɗaura auren a coci ba, Zamani ya ce ya fahimta, har ya yi masa godiya. Lilian ta yi kukan wannan sosai, don tun tana yarinya take mafarkin shiga majami'a da farar riga. A ofishin rajistar aure na gwamnati aka ɗaura. Rabin matan zumuntar coci ba su zo ba, wasu har yau ba sa amsa gaisuwarta da kyau. Mama dai ta zo da ƙawayenta huɗu, suka yi waƙa a harabar ofishin har ma'aikata suka leƙo.

Da magatakarda ya nemi shaidar amarya, Baba ya tsaya daga baya, bai san ko ana son sa ba. Lilian ta ɗauki biron, ta taka har inda yake, ta sa masa a hannu.

"Zo, Baba. Wannan takardar gaskiya ce, kana iya sa hannu."

Mai bi da marar bi suna iya zama gida ɗaya in kowa ya bar wa ɗan'uwansa abin da ke zuciyarsa. Abin da ƙauna ba ta ɗauka shi ne a ɓoye mata gaskiya, ko da da kyakkyawar niyya ne. Wanda kake so, ka faɗa masa ko kai wane ne, ka bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe.