Duwatsun Baba Suifau

Ranar da Dorika ta fara ganin Maeta, da faɗa suka soma.

Ta taso daga bakin rafi da jarkoki shida na ruwan sha a kwalekwale, tana tuƙi tana rera waƙar coci da iya ƙarfinta. Tana zagayo shingen murjani sai ga jirgin inji tsaye cak, an kashe shi, da Turawa huɗu a ciki sun yi tsit. Mai jirgin, wani dogon saurayi da hular da rana ta cinye launinta, ya ɗora yatsa a leɓe.

"Ni kake ce wa in yi shiru?" in ji Dorika. "Tekun na gidanku ne?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hutawa suke yi."

"Su wa?"

Ya nuna mata ruwa da haɓa. Ruwa ne ya tsage a gefen kwalekwalenta, wata dolfin, babbar dabbar teku mai kama da kifi, ta fito ta fesar da numfashi, ɗanta na manne da haƙarƙarinta. Wasu suka biyo, suna tafe a hankali kamar tsofaffi sun taso daga coci. Tun tana yarinya Dorika take ganin dolfin, amma a guje, ko a kwance bakin gaɓa. Ba ta taɓa jin numfashinsu kusa haka ba. Ta ɗora filafilinta a cinya, ta manta da waƙar.

Da suka wuce, saurayin ya yi murmushi. "Sunana Maeta. Ke kuwa na riga na sa miki suna: Mai Hayaniya."

"Kai kuma Mai Kashe Inji. Ko man ne babu?"

Kafin ruwa ya raba su, lambarta tana wayarsa.

Tsibirinsu Dorika, Nanakwai, kakanni ne suka tara shi da hannu, dutse kan dutse, a tsakiyar tafkin da murjani ya kewaye a gefen babban tsibirin Malaita. In ka zagaya shi da ƙafa, kafin shayi ya huce ka dawo inda ka fara. Waya ba ta kamawa sai a kan katangar bayan coci, nan Dorika ke tsayawa da yamma kamar mai duban hadari.

Saƙon Maeta ya shigo: "Mai Hayaniya, yau sun zo su talatin. Ɗan ƙaramin nan ya yi tsalle ya faɗi ta ciki. Na ce kash, da tana nan."

Ta mayar masa: "Ka gaishe shi. Ka ci abinci kuwa, ko kallo ka ci?"

Ranar wata Asabar ya ɗauke ta cikin baƙinsa. Ta ga yadda yake kashe inji tun daga nesa, ya bar jirgin ya bi gefensu, ba ya yanke musu hanya, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Wani Bature ya ciro biskit zai jefa, Maeta ya riƙe masa hannu cikin ladabi. Wata ta nemi ta faɗa ruwa, ya ce a'a. Bayan ɗan lokaci ya juya jirgin, baƙi na gunaguni.

"Me ya sa ba ka bar su sun more ba?" ta tambaye shi.

"In kika zauna wa mutum a ɗaki yana barci, gobe zai canja ɗaki."

A ranar ta san ta kamu.

Da iyayen Maeta suka zo neman aurenta, mahaifinta Baba Suifau ya tarbe su a tabarma yana tauna bilnat, goron ƙasarsu, bakinsa jawur. Shi ne a da yake jagorantar farautar dolfin. Da duwatsu biyu, yana buga su a ƙarƙashin ruwa, yakan koro garke guda daga tsakiyar teku har bakin gaɓa, a ci nama, a cire haƙora a yi sadaki da su. Shekara takwas ke nan da gari ya zauna ya ce a daina, tun da baƙi suka fara zuwa kallo. Tun daga nan duwatsun ke ajiye a ƙarƙashin gadonsa.

"Jan wurin nan na ƙwanson teku, kuɗin aure, ku kawo yadda aka saba," ya ce. "Amma uwarta da haƙoran da na kamo da hannuna na aure ta. Wanda zai ɗauki Dorika, ya kawo sababbin haƙora, na hannunsa."

Maeta ya sunkuyar da kai. "Baba, ba zan iya ba."

"Na sani. Kai ne mai nuna wa Turawa gidana kana cewa ga mahauci can."

"Ban taɓa..."

"Magana ta ƙare."

Da yammar nan ya ɗauke filafilin Dorika ya soke a rufin ɗaki. Ɗebo ruwa ya koma hannun ƙanwarsa, Gwaggo Melta. Dorika ta zama ba ta da inda za ta sai zagayen tsibiri: daga murhu zuwa coci, daga coci zuwa katanga, ruwa ta kowane gefe.

Sai ga Alik, ɗan mai kanti, ya dawo daga birnin Honiya da sabon inji da baƙin tabarau. Kullum yana ƙofar gida da buhun shinkafa da gwangwanin kifi.

"Baba, ka ba ni wata ɗaya," yakan ce da ƙarfi don ta ji. "Haƙora ai ba wahala. Ni ba na jin tsoron kifi ya yi fushi da ni."

Gwaggo Melta tana kankare kwakwa ta ce, "Wannan ko kaguwa bai taɓa kamawa ba, sai baki kamar rediyon kanti." Ta dubi Dorika. "Amma ubanki in ya kafe, kin san shi. Ki ci wani abu, 'yar nan, kin zama kamar gora."

Sati bakwai aka yi haka. Wata yamma, bayan ta ji Alik na zancen sayen taru, Dorika ta hau katanga ta rubuta:

"Maeta, na gaji. Sau ɗaya ne kawai. Ka yi farautar sau ɗaya, ka fitar da ni daga nan. In kana sona."

Ta tura. Nan take ta so ta janye shi. Ta jira har rana ta faɗi, babu amsa. Washegari babu. Rana ta uku ma babu.

A safiya ta huɗu ihu ya tashe ta. Da asuba ruwa ya cika fiye da kullum, garken dolfin ya biyo ƙananan kifi ta 'yar ƙofar murjani ya shigo tafki. Ruwa ya janye ya bar su a wani kwari gab da tsibiri. Suna ta zagaye wuri ɗaya, suna fesa numfashi da sauri-sauri. Dorika ta hango uwar nan tana tura ɗanta tsakiya. Ba sai wani ya gaya mata yadda suke ji ba.

Alik tuni ya tara samari suna warware taru. "Allah ya kawo sadaki har ƙofar gida!" yake cewa. "Dorika, ki fara gyaran gashi!"

Sai ga jirgin Maeta ya shigo, babu baƙo ko ɗaya. Ya ɗaure shi, ya sauko, da duwatsu biyu a hannunsa.

Dorika ta kafa wa duwatsun ido. Ita ta ce ya yi, ga shi ya zo yi. Ta ruga ta tare shi a kan matakala.

"Kada ka yi! Na janye, wallahi na janye. Gara in tsufa a kan katangar nan."

Ya dube ta, idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Kwana uku ina rubuta miki amsa ina gogewa, zuciyata. Ba ni hanya tukun."

Ya wuce ta, ya je inda Baba Suifau ke zaune a bakin ruwa yana kallon garken. Ya durƙusa, ya ajiye duwatsun a gabansa.

"Baba, ruwa zai dawo da azahar, amma sun ruɗe, ba za su gane ƙofa ba. In suka kai gobe a nan, ƙananan ba za su yi rai ba. In na tayar musu da inji, kan murjani za su hau. Ni zama kusa da su na iya, ban iya yi musu magana ba. Kai kaɗai ka iya."

Tsohon ya ɗauki dutse ɗaya, ya juya shi, ya yar. "Wannan ai na dakan gwaza ne. Ina ka tsinto shi?" Ya ɗago kai ya dubi Maeta. "Mahauci kake roƙo?"

"Baba, abin da nake gaya wa baƙi shi ne: a gidan can akwai mutumin da zai juya dolfin ɗari da duwatsu biyu. Ba sa yarda. Ni ma labari na ji, ban taɓa gani ba."

Alik ya matso da bakin tarunsa. "Baba, ka ba mu izini kawai. Inji ta nan, taru ta can, kafin la'asar mun gama."

Baba Suifau ya juya ya dube shi tun daga tabarau har silifa.

"Taru? A cikin kwari, suna ɗaure? Mu da muke yi, a buɗaɗɗen teku muke samunsu, bayan addu'a, kwalekwale da filafili, wani lokaci su tsere mana mu dawo da yunwa. Wannan da kake faɗa ba farauta ba ce, ɗiban tuwo ne a kwanon mara lafiya." Ya tofar da jan yawu. "Dorika, ƙarƙashin gadona. Ki sauko da filafilinki ma, ina son mai hannu."

Da azahar ruwa ya fara dawowa. Kwalekwale tara suka jeru kamar baka a bayan garken, babu inji ko ɗaya. Dorika na tuƙa ubanta a tsakiya, Maeta na can gefen dama. Tsohon ya kwanta rubda ciki a gaban kwalekwale, ya tsoma hannuwa har kafaɗa.

Ƙas.

Dorika ta ji ƙarar ta ratso katakon da take zaune a kai. Garken ya daina zagaye.

Ya jira. Ya ɗaga yatsa, na hagu suka matso kaɗan. Ƙas. Ya sake jira, ya daɗe. Ba bugun kora yake yi ba, a hankali yake yi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki.

A bakin ƙofa suka turje. Ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba, uwar ta juyo da ɗanta tana neman komawa.

"Baba, za su fasa!" in ji Dorika.

"Yi shiru, Mai Hayaniya," ya ce. Ba ta san ya san sunan ba.

Ya cire hannuwansa daga ruwa gaba ɗaya. Kowa ya ɗaga filafili. Tafkin ya yi tsit, sai numfashinsu. Wani babban namiji ya leƙa ƙofar, ya wuce. Uwar ta bi, ɗan na jikinta. Sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Can waje ɗan ƙaramin ya yi tsalle ya faɗi ta ciki, mata a kan katanga suka ɗauki guɗa.

Baba Suifau ya daɗe a zaune, duwatsun na cinyarsa, ruwa na zuba daga gemunsa. Sannan ya yafito Maeta.

"Ka ga bakin babban nan da ya fara fita?"

"Na gani, Baba."

"Cike yake. Sauran ma haka. Haƙoran da na nema, kai ka sa suka zo hannuna yau, na kuwa karɓa. Na bar su a bakin masu su, su riƙe mini. Ka ce wa iyayenka su kawo jan wurin ranar Lahadi."

Dorika ta rufe fuska da filafili tana kuka tana dariya.

Da yamma, a kan katanga, wayarta ta yi ƙara:

"Ga amsar saƙonki, ta makara: ba zan iya ba, kuma ina sonki. Dukansu gaskiya ne."

Ta rubuta: "Na sani. Ka yafe mini. Ka zo da sabuwar hula ranar Lahadi, kada ka kunyata ni."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a cocin Nanakwai. Aka gasa kifi da dankali a kan duwatsu masu zafi, aka yi tuwon rogo da madarar kwakwa har Alik ya ci faranti biyu, Gwaggo Melta na ƙara masa tana cewa ya ci ya yi ƙarfin kama kaguwa. Dorika ta fito da rawanin haƙoran mahaifiyarta a goshi, tsofaffi, sun yi ruwan zuma don daɗewa. Ubanta ne ya ɗaura mata da hannunsa.

Ya haɗa hannunta da na Maeta ya ce, "Allah ya ba ku gida mai ƙofa a buɗe. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu. In ɗayanku ya ruɗe, ɗayan ya buga masa a hankali, ya jira."

Jama'a suka ce amin.

Yanzu in jirgin Maeta ya fita da baƙi, Dorika ce a kan inji, kuma tun daga nesa take kashe shi. A gaba akwai wani tsoho mai jan baki da duwatsu biyu a jaka, ba ya fitowa da su sai an roƙe shi a gani. In wani baƙo ya ɗaga murya, shi ne yake juyowa ya ɗora yatsa a leɓe.