Inuwar Nathan

A bas ɗin Kakau zuwa cikin gari Nathan ya fara ganinta, kuma ba kyanta ne ya fara jan hankalinsa ba. Budurwar da ke gefensa ta kai waya bakinta, ta shaƙe murya irin ta tsofaffi, tana cewa, "Miƙo min almakashi in yanke inuwar yaron nan tun rana ba ta karkata ba."

Matar da ke gabansu ta ce, "Jinin Yesu!" ta ƙanƙame jakarta. Nathan kuwa, maimakon ya matsa kamar mai hankali, sai ya ce, "'Yar'uwa, inuwar wa za a yanke?"

Ta harare shi. "Ka kore min tsohuwa. Tun Gonin Gora nake neman muryarta."

Sunanta Hadassah, malamar sakandare, mai rubuta wa matasa littattafan ban tsoro. Labari ba ya zuwa mata a kan tebur, sai a mota, ta faɗa wa waya, in ta koma gida ta kwafe. Wanda take kai a lokacin labarin wata tsohuwar tela ne a ƙarƙashin kogin Kaduna, mai yanke inuwar yara tana ɗinka zani da ita. Duk wanda aka yanke wa, kwana bakwai yake yi ya mutu.

Nathan mai gyaran janareto ne a Unguwar Sanusi, bahago, da tabo a girar dama. Ranar ya wuce inda zai sauka da tasha biyu. Wata uku bayan nan saƙonninsu sun koma haka:

"Dodanniyata, kin ci abinci, ko yau ma mutane kika ci?"

"Na kashe biyu kafin azahar, Injiniyana. Kawo min doya da ƙwai."

Soyayya ta yi daɗi, har iyaye suka fara maganar gabatarwa. To amma Nathan akwai sakaci, Allah ya sani. Ta ba shi kwafin littafin da ba ta gama ba, ta ce kada kowa ya gani, shi kuma ya ajiye shi a kan talabijin ɗin falon mahaifiyarsa, Mama Edith. A kan talabijin fa! Dorcas, wata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci da ta daɗe tana kawo wa Mama Edith miyar ganye da wata manufa, ta zo ta ɗauka. Kwana biyu ta dawo da shi, shafi ɗaya a naɗe.

"Mama, ni ba gulma nake ba. Ki dai karanta nan."

Mama Edith ta sa tabarau. Jarumin littafin bahago ne, da tabo a girar dama, mai gyaran inji. A babi na goma sha biyu tsohuwar tela ta yanke masa inuwa, a na sha uku ana haƙa masa kabari.

Da Nathan ya dawo bai ko cire takalmi ba ta tare shi. "Wannan ce matar da za ka kawo min? Tun ba a ɗaura ba ta binne ka!"

"Mama, labari ne kawai."

"Labarin gidanku! Na binne Timothy shekara takwas da suka wuce, ba zan zauna wata ta rubuta min kabari na biyu ba. Ko ta tashe ka a takardar nan, ko babu aure."

Timothy wan Nathan ne, hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Abuja. Daga nan Nathan bai ƙara musu ba, ya tura saƙo:

"Dodanniyata, don Allah ki tashe ni. Layi biyu ne. Ki ce suma na yi."

"Suma? Babi goma sha biyu ina gina tsohuwar nan, ka ce suma? Yaran da ke karanta ni za su jefe ni."

"To me ya sa ni kika kashe?"

Sai da aka yi awa guda amsa ta shigo: "Abin da nake tsoron rasawa shi nake sawa a littafi. Kai ma ka sani."

Duk da haka ta gwada. Sau bakwai ta sake babin. Ta kawo boka, ta yage. Ta ce mafarki ne, ta ji kunyar kanta. Ta sa mala'ika ya sauko, ta karanta wa 'yan ajinta, wata ɗaliba ta ce, "Anti, kin raina mu." Ta daina cin abinci, Nathan ya daina aski, Dorcas ta ƙara yawan miya. Mutum biyu masu son juna sun tsaya cirko-cirko a kan saurayin da babu shi a duniya, abin haushi!

Ran Asabar da hantsi Hadassah tana wanki a tsakar gidansu a Gonin Gora, sai ga Mama Edith da littafin a hammata. Hadassah ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama."

"Tashi. Na karance shi kaf, ina neman abin da zan kai wa Fasto." Ta zauna a kan turmi. "Ba tsohuwar ce ta fi ba ni haushi ba. Uwar yaron ce. Wace irin sakarya kika rubuta? An yanke wa ɗanta inuwa, kwana bakwai tana zaune tana kuka a ƙofar ɗaki?"

"To me za ta yi, Mama?"

"Me za ta yi? Ta ɗaura zani ta shiga kogin! Ta tsaya gaban telar nan ta ce, ga tawa, ta fi faɗi, ta fi shan rana, ki ba ni ta yarona." Ta share hawaye da gefen zani. "Ni ba wanda ya ba ni kwana bakwai. Waya kawai aka yi min. Da an tambaye ni, da ko takalmi ban tsaya sawa ba."

Hadassah ta tsaya da kumfa a hannu, hawaye na zuba. Can ta lallaɓa ta jawo wayarta. "Mama, don Allah ki sake faɗa. Yadda kika faɗa ɗin nan."

"Ke wace irin yarinya ce? Ina kuka kina ɗauka?"

Amma ta sake faɗa, har ta ƙara da abin da za ta yi wa tsohuwar da almakashinta. Har la'asar suna kan turmin nan suna gardama. Mama ta dage uwar ma ta rayu, Hadassah ta ce sam, tela ba ta kyauta. Suka shirya a kan ta rayu, amma ba inuwa har abada, kowa na gudunta a kasuwa, ɗanta kaɗai ke tafiya kusa da ita yana raba mata tasa.

Da yamma saƙo ya shiga wayar Nathan: "Ka tashi, Injiniyana. Mamanka ta biya. Je ka yi aski."

An ɗaura auren a watan Disamba a cocin su Hadassah, Dorcas ce ma ta ja waƙa, da murya mai ɗan tsami. A wajen coci, rana tsaka, Mama Edith ta dafa kawunansu.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ba irinku ba. Ke kuma 'yata, in za ki sake kashe wani nawa, ki fara sanar da ni."

"Amin, Mama."

Mai hoto ya ce a matso. Nathan ya lura mahaifiyarsa ta saci kallon ƙasa, wajen ƙafafunta. Ya matsa kusa da ita har inuwarsa ta haɗe da tata, sannan ya ce wa mai hoto ya ɗauka.