Gidan da Ba a Kashe Fitila

Ranar da Rabab ta fara ganin Falih, tana zaune ne a bakin ƙofar wani barikin soja a bayan Basra, tana taya mahaifiyarta sayar da gurasa da nonon ɓauna. Ya fito cikin kakin da ya yi masa yawa, ya kare idonsa da tafin hannu duk da rana ta kusa faɗuwa. Ya sayi gurasa, ya tsaya da ita a hannu kamar ya manta yadda ake ci. Ta ɗauka kunya ce. Sai bayan sun yi aure ta ji a bakin yayarsa cewa a ranar aka fito da shi daga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, inda aka rufe shi saboda ya makara dawowa daga jana'izar babansa. Tun daga nan ba ya iya zama a duhu. Bai taɓa ba ta labarin ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Duk daren da aka ɗauke wuta, takan tashi ta kunna fitilar kananzir, ta ajiye a gefensa, ta juya baya kamar tana barci.

Shekaru suka wuce, sojoji suka watse, barikin ya zama kango. Daga baya gwamnati ta share filin, ta tone abin da yaƙi ya bari a ƙasa, ta gina gidaje ta raba wa tsofaffin sojoji. Filin fareti aka cika shi da allunan sola, baƙaƙe, duk suna kallon gefe guda. Aka ce a wannan unguwa ba za a ƙara ɗauke wuta ba. Falih ya karɓi makullin gidansa, kuma bai taɓa nuna ya gane wurin ba.

Mutanen da suka girma da ɗauke wuta ba su saba kashe fitila ba. Kowa yakan bar makunni a kunne ne, don da hasken fitila ake sanin wuta ta dawo, a ruga a jona firji da injin ruwa. Da suka tare, sai unguwar ta yi makonni tana ci bal har asuba. A hankali maƙwabta suka koyi kashewa. Gidan Falih ne kawai bai koya ba. Ya ma ƙara ƙwayayen fitila: a tsakar gida, a banɗaki, a saman rufi, har ƙarƙashin matakala inda ake ajiye buhun shinkafa.

"Ummu Banin," in ji maƙwabciyarsu Ummu Sattar ta saman katanga, tana kiran Rabab da sunan 'yarta, "bikin nan naku yaushe za a tashi? Mun gaji da jiran tsokar rago."

"Idan an yanka, ke za a fara aiko wa," Rabab ta ce, ta ci gaba da shanya.

Wata magariba, tana soya kifi, 'yarsu Banin tana karatun jarrabawa a kan tabarma, sai wani ƙaramin dutse ya faɗo tsakar gida. Bai zo ta saman katanga ba. Daga ƙasa ya taso, ya bugi ƙwan da ke bakin ƙofa, ya fasa shi. Rabab ta tsaya da cokali a hannu har kifin ya ƙone. Sannan ta ɗauko tsintsiya ta share kwalbar. Falih ya dawo daga masallaci, ya ɗaga kai ya duba, ya shiga ɗaki ya ɗauko sabon ƙwai ya ɗaura.

Haka aka ci gaba. Kullum rana ta faɗi sai dutse ya tashi, kullum ita ta share, shi ya ɗaura. Ba wanda ya ce wa wani uffan. Daga baya aka fara jin murya a ƙarƙashin matakala, ƙasa-ƙasa, irin ta mace mai rarrashin yaron da ya ƙi barci. Rabab tana ji, amma zuciyarta ba ta buga. Ta daɗe da koyon yadda ake ganin abu a wuce shi.

Sai Banin ta daina cin abinci. Yarinyar da take cika gida da surutu ta koma ɗaure idonta da ɗankwali. Wata yamma Rabab ta neme ta ta rasa, ta same ta a naɗe cikin kabad ɗin kaya, ta ja ƙofa ta rufe.

"Banin, fito ki sha ko shayi ne."

"Banin tana barci," aka amsa daga ciki, da muryar tsohuwa. "Ita ta samu. Nawa ba su samu ba."

Washegari Ummu Sattar ta kawo Sayyid Mihsin, wani dattijo mai baƙin rawani da aka san shi da irin wannan aiki. Ya iso bayan sallar magariba. Ya sha shayinsa a ƙaramin kofin gilashi ba gaggawa, yana bin ƙwayayen da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa aka kwantar da yarinyar a falo, ya riƙe ɗan yatsanta ta bayan mayafi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Falih na tsaye a bakin ƙofa, Rabab na zaune a wajen kan 'yarta.

Jikin Banin ya sandare, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, Sayyid. Ni ma ina sallah."

"To in kina sallah, me ya kai ki jikin 'yar mutane?"

"Na yi jifa, ba a tambaye ni ba. Na yi magana, aka share. Me ya rage?"

"Yanzu ga shi ina tambaya."

Muryar ta ci gaba a hankali, ba fushi a cikinta, sai gajiya. "Mun riga sojoji zuwa nan. Sun zo da ihu da takalma, amma da dare suna kashe injinsu, muka zauna da su. Ku kuka zo, kuka ɗauke filin fareti, muka matsa. Kuka kafa fitilu a kan hanya, muka matsa. Akwai rami a ƙarƙashin gidan nan, aka cike shi da siminti, muka hau ƙarƙashin matakala. Can ma ya bi mu da ƙwai. 'Ya'yana ba su runtsa ba tun ranar da aka kawo wutar nan."

"Unguwa cike da gidaje. Ki koma wani."

"Kai za ka bar inda aka haife ka?" Kan yarinyar ya juya wajen ƙofa, idon a rufe. "Kuma na san maigidan. Ya kwana a wurinmu. Yana kiran babansa har muryarsa ta dushe. Na hana yarana su taɓa shi. Kunamun ma ni na riƙa kora masa."

Rabab ba ta waiwaya ba. Ta ji dai ƙofar ta yi ƙara, kamar an jingina da ita da dukan nauyi.

"Me kike so?" in ji Sayyid.

"Duhu. Daga faɗuwar rana."

"Ya yi yawa. Yarinya na da jarrabawa, mutane na cin abinci. Daga isha."

"Daga isha zuwa asuba. Gidan duka, ban da ko kyandir."

"Firji fa? Da na'urar sanyi? Kin san zafin garin nan."

"Ba ruwana da sanyinku. Mu ma muna jin daɗinsa."

Ummu Sattar ta yi wata 'yar dariya, ta toshe baki.

"Amma da hannunsa zai kashe," muryar ta ce. "Shi ya kunna. In na ga haske bayan isha, zan dawo, kuma ba zan ƙara magana da kowa ba. Yarinyar ma haka."

Sayyid ya sa ta rantse, ta rantse. Ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafa. Ƙafar Banin ta girgiza sau ɗaya, ta saki. Yarinyar ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta ce tana jin yunwa.

A bakin ƙofa Falih ya riƙe hannun dattijon. "Maulana, ba a yi ta wata hanya? In yanka rago. In yanka biyu."

"Ba nama ta nema ba, Abu Banin." Sayyid ya gyara rawaninsa. "Kuma ko zan tsaya in taya ka yau, gobe ba na nan."

Ya tafi, Ummu Sattar ta bi bayansa. Banin ta ci gurasa da dabino, ta yi barci a inda take.

Da aka kira isha, Falih ya yi sallah, ya miƙe. Ya fara da saman rufi. Ya sauko ya kashe na tsakar gida, na banɗaki, na ɗakin girki. A ƙarƙashin matakala ya ɗan jima kafin hasken ya mutu. Rabab tana zaune a bakin gado tana jin takunsa, duhu na biyo shi ɗaki-ɗaki, har ya shigo nasu. Ƙwai ɗaya ya rage a gidan. Ya ɗora yatsa a kan makunni, ya tsaya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ta ga laɓɓansa suna motsi, amma yatsan bai motsa ba.

"Ummu Banin," ya ce, bai juyo ba, "ki kwanta. Zan ɗan tsaya a nan."

Da wani daren ne, da ta kwanta ta juya baya. Ta dubi wannan bayan da ya fara rusunawa, sai ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, da zafi, kamar ƙafar da ta daɗe a sage jini ya fara komawa cikinta. Ta tashi. Ta tsaya a bayansa, ta kama ɗaya hannun, mai sanyi, ta riƙe da hannuwanta biyu.

"Falih," ta ce, kuma rabon da ta kira sunansa tun kafin a haifi Banin. "Na san inda suka ajiye ka. Tun da daɗewa na sani. Kashe. Ba zan yi barci ba sai ka yi, yau da gobe da duk daren da ya rage mana, kuma in ka kira, ni zan amsa."