Wadda Ta Ajiye Tsintsiya

"Me ya sa kika ce mata nas ce?" Dogo ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To me kake so in ce? In gaya wa mahaifiyarka Innata shara take yi a asibiti har ta rasu?"

"Ai gaskiyar ke nan, abar ƙaunata..."

"Gaskiyar da za ta raba mu!"

Shekara biyu muna tare da Dogo, abin da ya rage kawai Mama, mahaifiyarsa, ta amince. Mace ce mai bin diddigin asali, ko kaza za ta saya sai ta ji gidan da aka ƙyanƙyashe ta. Da ta tambaye ni aikin Inna a waya, bakina ya riga hankalina. Ga shi yau ta ce za ta zo ta ga gidanmu da idonta.

Da Dogo ya tafi ɗauko ta, na tsaya gaban hoton Inna da ke bangon falo. Tana sanye da shuɗiyar rigar masu shara, ga tabon ƙuna a kumatunta na hagu. Na kai hannu zan sauke shi, na kasa. Ina nan tsaye na ji sallamarsu.

Mama ta zauna, ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba. Idonta na kan bango.

"Wace ce wannan?"

"Innata ce, Mama."

"Wannan ba nas ba ce."

Na durƙusa. "Ki yafe mini, ƙarya na yi! Shara take yi a ɗakin haihuwa. Tsoro na ji..."

Ta miƙe ta je dab da hoton, ta ɗora yatsa a kan tabon.

"Ranar da na haifi dogon nan," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ni kaɗai ce, babansa ya yi tafiya. Ɗaki cike, kowace nas da wadda take kanta. Jini na zuba, ina ta kira, babu mai jina. Matar nan ce ta ajiye tsintsiya, ta je ta jawo likita da hannun rigarsa. Ta dawo ta riƙe ni tana cewa, 'Dube ni, ƙanwata, kar ki rufe ido!' Tabon nan na yi ta kallo har na ji kukansa."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Da na warke na koma nemanta, ban same ta ba, ko sunanta ban sani ba. Shekara talatin ina sa ta a addu'a."

Kuka ya ƙwace mini. Ni da nake tsallaka titi idan na hango ta da bokiti, don kar ƙawayena su gane uwata ce! Inna ba ta taɓa ba mu labarin nan ba. Ina jin a wurinta ranar aiki ce kamar kowace rana.

Mama ta ɗago ni, ta share mini hawaye da gefen mayafinta.

"Na amince da auren nan, amma da sharaɗi. Kar ki sake kiranta nas, kuma a falonku za a rataye hoton nan."

Na gyaɗa kai.

"Yanzu faɗa mini sunanta, 'yata," ta ce. "Na gaji da yi mata addu'a babu suna."