Ƙarfen da Agali Ya Kafa a Ƙofar Sanyi

Rana ta faɗa bayan dutse, inuwa ta cika kwarin Inezag. Tekna tana durƙushe tana ɗaure 'yan awaki sai ta ji mijinta Agali yana dariya shi kaɗai a bakin bukka. Ba mai yawan dariya ba ne, sai in yana riƙe da ɗan allon na'urar auna yanayin nan tasa. Ƙanensa ne ya kawo masa ita daga Tamanrasset: dogon ƙarfe mai 'yan kofuna da iska ke juyawa, da wani allo kamar tafin hannu mai riƙe zafi da sanyin kowane lokaci har mutum ya zo ya duba.

"Zo ki ga ikon Allah," in ji shi. "Da asubar yau yana kan digiri tara. Kafin a tafasa shayi ya faɗo ƙasa da sifili, sannan ya koma tara kamar ba a yi ba. Kwana huɗu ke nan."

"To lemon fa?"

"Ko ganye ɗaya bai ƙone ba."

Duk mai lambu a kwarin ya san sanyin asuba daga dutse yake gangarowa kamar ruwa, shi ya sa in ana shinge ake barin kafa a sama, a bar wata a ƙasa, ya shiga ya wuce abinsa. Ƙofar sanyi ke nan. Ba a toshe ta, ba a ajiye ƙarfe a cikinta, ko da lauje ne. To a tsakiyar ta sama Agali ya kafa ƙarfensa, daf da bukkarsu. Dattawa sun yi magana, ya ce ai a nan sanyin gaskiya yake, ina amfanin auna na ƙarya? Mutum ne da in ya faɗi magana sai ya tsaya yana sauraron daɗinta.

Suna cikin haka 'yarsu Gaishita ta shigo da ƙwaryar nono, leɓɓanta sun yi fari. "Anna, sanyi nake ji a cikin ƙashina," ta ce wa uwar.

Kafin Tekna ta amsa, wani dutse ya faɗo tsakiyar garwashin shayi, wutar ta mutu nan take. Agali ya kai hannu ya ɗauka, dutsen ya manne masa a fata don sanyi. Ya leƙa bayan shinge, babu kowa. Awakin da ke kuka duk suka yi tsit.

Daga ranar gidan bai sake zama daidai ba. Da magariba duwatsu su faɗo, uku ko huɗu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da asuba kuma allon ya fara 'yar ƙararsa da yake yi in sanyi ya wuce sifili. Tekna ce ta lura da abin da mai na'urar bai lura ba: ƙarar tana tsayawa, yarinyar take sandarewa. Jikinta ya yi kamar randa, numfashinta ya riƙa fita da hayaƙi, haƙoranta suna haɗuwa har rana ta leƙo. An lulluɓe ta da barguna, an shafa mata man shanu, an yi turare. Kullum lambar da ke allon tana ƙara yin ƙasa, kullum yarinyar tana ƙara daɗewa ba ta dawo ba. Lemon Agali kuwa ya yi jawur, rassa har suna taɓa ƙasa, alhali na maƙwabta ya sha ƙuna.

A kwana na goma sha biyu da faɗowar dutsen farko Tekna ta yafa mayafi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta haura kwari ta ɗauko Malam Wantiti, tsohon da ya yi shekara arba'in yana karantarwa a masallacin duwatsu.

Malam ya yi sallar asuba a gidan, ya zauna wajen kan yarinyar. Allon ya yi ƙara, ya yi shiru. Malam ya riƙe ɗan yatsanta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can sai bakin Gaishita ya buɗe, wata tsohuwar murya ta fito, mai gajiya.

"Malam, sassauta. Ƙuna kake mini a banza."

"Wace ce ke, me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Ni 'yar dako ce. Tun kakannin maigidan nan ba su dasa dabino ba nake sauko da sanyi ta nan. Na zo na tarar da ƙarfe a hanyata, ba na iya wucewa, ba na iya komawa da kaya. Ina zan sauke? Ita ce mafi ɗumi a gidan."

"Ki fita, don Wanda Ya halicce ki."

"Yau ma kuwa. Wanda ya kafa ya tumɓuke da hannunsa, ba hannun wani ba. Amma ka gaya masa gaskiya: duk abin da na tara a jikinta, na kwana goma sha shida, ta lambunsa zai bi lokaci guda. Ba lemo kaɗai ba, har itatuwan."

Tekna ta juya ga mijinta, zuciyarta ta yi sanyi don murna. Ta ɗauka ma ya riga ya tashi.

Yana zaune. Ya ja rawaninsa sama ya rufe hanci, yana kallon ƙasa.

"Malam," ya ce a hankali, "in an samu kwana uku, da an tsinke lemon tukuna."

"Baban Gaishita!" Tekna ta kama gefen rigarsa. "Me ka ce?"

"Ta jure kwanakin nan duka, uku ne za su gagare ta? Abincinmu na shekara ne fa a kan itatuwan nan."

Aljanar ta yi dariya da bakin yarinyar, doguwar dariya, har hawaye ya zubo ya daskare a kumatu. "Malam, ka ji? Ni kake ƙonawa. Na ba shi ukun. Amma ya sani, 'yarsa tana nan ciki, kunnenta biyu, ta ji."

Malam Wantiti ya miƙe, ya daɗe yana duban Agali. "Ita na san abin da zan karanta mata," ya ce. "Kai ne ban sani ba." Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko shayi bai tsaya sha ba.

Da hantsi Tekna ta rungumi ƙarfen nan tana jijjigawa har tafin hannunta ya saɓule, bai motsa ba. Ta yi roƙo, ta yi zagi, ta jawo 'yan'uwanta maza. Agali ya ce musu ai ba ƙi ya yi ba, kwana uku ne kawai, kuma da za su kama masa tsinka da an gama da wuri. Abin takaici, sai da suka kama masa, don ba su da wata hanya. Haka Tekna ta ga asuba uku a zaune, ƙafafun 'yarta a cikin cinyarta, tana jin sanyi yana hawa daga yatsu zuwa idon sawu, daga idon sawu zuwa gwiwa. Tun ba ta tsani mijinta ba har ta tsane shi.

Rana ta huɗu, kafin alfijir, Agali ya tumɓuke ƙarfen da hannu ɗaya. Wata iska ta fita daga bukkar ta bi ta lambun, aka ji itatuwa suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye duk sun yi baƙi.

Gaishita ta buɗe ido. Jikinta ya yi ɗumi har zuwa gwiwa, daga nan ƙasa kuwa ko an tsikara da ƙaya ba ta ji, kuma ba ta sake ji ba har abada. Uban ya durƙusa a gefenta yana hamdala. Ta dube shi, ta yi magana da muryarta ta da, babu fushi a ciki.

"Abba, an gama tsinkar?"



Tekna ba ta yi kuka ba. Bukkar tata ce, kamar ta kowace mace a dutsen nan, uwarta ce ta saƙa tabarmin. Ta kira ƙannenta mata suka kwance igiyoyi, suka naɗe tabarmi, suka ciro turaku. Aka ɗora kaya a jaki biyu, aka ɗaure Gaishita a kan na uku don kada ta zame. Kafin azahar ba abin da ya rage a wurin sai ramukan turaku, da Agali zaune a fili tsakanin kwanduna sittin na lemo.